Inuwar da Bu Warsiti Ta Yi wa Farin Beyar

Shekara talatin da ɗaya Bu Warsiti ta yi tana gyaran hoto a shagon Pak Hartoyo, nan bayan tsohuwar kasuwa a Semarang, kuma ba a taɓa kawo ƙararta ba ko sau ɗaya. A wajenmu Bu da Pak ake kiran manya, mace da namiji, don girmamawa, Mbak da Mas kuma matasa. Ta fara aikin tun zamanin da ake gyara da fensir a jikin fim, mutum ya duƙa da madubin ƙara girma har wuyansa ya ƙage. Da kwamfuta ta shigo, maza biyun da suke aiki tare da ita suka ce su kam an zo da abin da ya fi ƙarfinsu. Ɗaya ya koma sayar da katin waya, ɗayan ya tattara ya koma ƙauye. Ita ta ja kujera ta zauna gaban na'urar, ta yi wata shida tana ɓatawa tana gogewa, har abin ya zauna mata a hannu.

A unguwarmu ba da hoton biki aka san ta ba, da hoton mamata ne. Kowa ya san halin garin nan da ambaliya. Ruwa ya shiga gida ya fita, sai a buɗe akwati a tarar hoton uba ko na uwa, wanda shi kaɗai ya rage, ya manne da gilashi, rabin fuska ta tafi. Sai a naɗe shi a leda a kai wa Bu Warsiti. Doka ɗaya take da ita a kan wannan aiki, ba ta kuma taɓa karya ta don kowa ba: abin da ruwa ya ci za ta mayar, abin da Allah ya halitta ba za ta taɓa ba. Wata mata ta taɓa roƙonta ta ɗan rage wa marigayi mahaifinta faɗin hanci, tunda dai an riga an zo gyara. Bu Warsiti ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "In na rage masa hanci, Mbak, uban wa za ki rataya a ɗakinki?"

Labarin ya zaga unguwa aka yi ta dariya, daga nan kuma magana ta zauna a bakin mutane cewa hannun Warsiti ba ya ƙarya. Ba ta da fili, ba ta da mota. Gidan da suke ciki ita da mijinta Pak Sukirno, mai gyaran keken ɗinki, gadon iyayensa ne da ake jiran ranar rabawa. Wannan shaidar da mutane suka yi mata ita ce kaɗai abin da ta tara a duniya, kuma ta san da haka.

Sai dai hoton mamata ba shi ke riƙe shago ba. Abin da ke riƙe shagon Pak Hartoyo da ma'aikatansa goma sha ɗaya wata ƙungiya ce ta manyan gari masu sha'awar ɗaukar hoto: likitoci, lauyoyi, masu kamfanin katako, mutanen da kyamarar da ke wuyan ɗayansu ta fi gidan su Bu Warsiti tsada. Shugabansu shi ne Dokta Bagaskoro, likitan haƙori, mai asibiti uku. Mutum ne mai fara'a da kyauta, ba za a raba shi da wannan ba. Amma ɗaukar hoto, tsakani da Allah, bai iya ba. Kuɗin zuwa inda abin kallo yake kawai gare shi. Ya je ya yi ta dannawa, ya dawo da hoto dubu huɗu ya zube wa Bu Warsiti, ita kuma ta tsinto goma ta daidaita musu haske da launi, ta yanke gefen da ya ɓata su, iyakar abin da dokar kowace gasa ta yarda da shi. Shekara tara suna haka, kofi bakwai ya jera a ofishinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. A shekara taran nan bai taɓa kiran sunanta ba, "Bu mai gyara" yake ce mata. Ita kuma ba ta taɓa nuna ta damu ba, don a wajenmu ƙarami ba ya koya wa babba sunansa.

Bara, ana saura mako uku babbar salla, Dokta ya dawo daga Svalbard, tsibiran nan na can ƙuryar arewacin duniya inda masu hali ke shiga jirgin ruwa su je kallon farin beyar. Ya shigo shago fuska a murtuke. Kwana goma ya yi a jirgi, hazo bai ɗaga ba ko na yini ɗaya. Beyar ɗaya tak suka gani, shi ma daga nesa, yana tsaye kan baƙar tsakuwa a bakin ruwa, ba ƙanƙara ko ta sawa a shayi. Ya rame, gashin ya yi rawaya, bakin duk ya ɓaci da mushen da yake ci, ga wata ƙatuwar lamba da masu bincike suka rubuta masa a ɗuwawu da baƙin fenti.

"Dubi nan, Bu mai gyara," in ji Dokta, yana nuna fuskar kwamfuta da makullin mota. "Abin da na kashe ya isa in buɗe asibiti na huɗu, ga abin da suka nuna mini. Wannan beyar ne ko tsohuwar katifa?"

Bu Warsiti ta ƙara girman hoton ta daɗe tana kallo. Ita dabbar ta burge ta.

"Ni kuwa ya yi mini, Dok. Dubi idonsa, kamar wanda ya yini a layin asibiti."

Dokta ya yi dariya, amma bai sauka daga kan bakansa ba. A wanke gashin ya yi fari fat. A goge lambar, a goge bakin, a ɗan ciko masa ciki. A ɗauke shi daga kan tsakuwar a ɗora shi kan wani faifan ƙanƙara da ya ɗauka a wani hoton daban. A kore hazon, a sa sama ta yi shuɗi, a fito da rana.

"Wannan ya wuce gyara, Dok, ya zama zane," ta ce a hankali. "Ba dai na gasa ba ne ko?"

"Wace gasa? Bangon ɗakin jira zan sa shi, yara su kalla su manta da allura."

To, ba laifi. Zane ai halal ne in an kira shi zane, kuma Bu Warsiti ta daɗe tana son aikin da za ta saki hannunta a ciki. Kwana uku Dokta yana zuwa bayan ya sallami marasa lafiyar safe, ya tsaya bayan kujerarta, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin, makullin mota na ƙwanƙwasa gilashi. "Ƙara fari. Ƙara dai. Ɗan ɗaga masa kai." Ita kuma tana bin gashin dabbar sili-sili, don kada gefen jikin ya nuna an yanko shi.

Sai aka zo kan inuwa. Duk mai wannan sana'a ya san dabba ba ta tsayuwa a ƙasa sai da inuwarta. In babu, kowa zai ga manna ta aka yi. Ƙanƙarar kuwa shimfiɗe take kamar faranti, an ɗauke ta cikin hazo, babu tudu babu dutse da zai nuna ta ina haske yake zuwa. Tunda an ce a fito da rana, ita ce za ta yanke inda ranar take.

"Ƙarfe nawa ka ɗauke shi, Dok?"

"Tsakar rana. Ina ajiye kyamara aka kira mu cin abinci."

Ta duba lokacin da kyamarar ta rubuta a jikin hoton, sha biyu da minti goma. Wata da ba ita ba, da nan za ta zana baƙin tabo ƙarƙashin ƙafa ta wuce. Bu Warsiti ba ta aiki da ka. Lokacin an fara ɗaure shanun layya a filin da ke gefen masallaci, sai ta ɗauki lema ta fita da tsakar rana, ta sami wani ƙaton farin sa ta tsaya a gabansa. Ta duba yadda haske ke sauka a gadon bayansa, yadda ciki ke yin duhu, yadda inuwar ta taƙure tsakanin ƙafafu huɗu. Washegari ta koma. Mai shanun ya gaji da ganinta.

"Bu, in saye ne ki taya, in kuma so ne ki turo magabata."

"Inuwarsa nake kallo, Mas."

"Ita kyauta ce, ɗauki ki tafi."

Ta ɗauka kuwa. Ta saukar wa beyar haske daga sama, ta tara masa gajeruwar inuwa ƙarƙashin ciki, ta ɗan ba ta shuɗi-shuɗi yadda za ta dace da ƙanƙara. Da Dokta ya zo ya daɗe yana kallo. Can ya daki bayan kujerarta da tafin hannu ya ce, "Haka yake. Wallahi kamar ina tsaye a wurin."

Bayan wata biyu ƙungiyar ta shirya gasa da baje kolin hotunanta na shekara a babban kantin nan mai hawa biyar. Bu Warsiti ba ta san komai ba sai da ta ga ana fito da beyar ɗinta daga injin bugawa, faɗinsa ya fi ƙofa, da rubutu a ƙasa: na ɗaya a rukunin namun daji, wanda dokarsa ta hana a ƙara ko a rage ko tsinke. Alƙalan gasar ba su nemi ganin asalin hoton ba. Wa zai dubi shugaba ya ce kawo shaida? Ta je ta sami mai shagon a ofis.

"Pak, wannan ai na bangon asibiti ne."

Pak Hartoyo ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Bu War, ni da ke ba alƙalai ba ne. Bugawa aka ce mu yi."

Abin ya tsaya mata a rai. Ta yi tunanin ta sami Dokta ta tuna masa maganarsa, amma da wane baki? Ta yi shiru. In akwai laifinta a labarin nan, to wannan shirun ne, kuma laifi ne da duk muka sha a nono.

Asirin bai tonu a hannun wani gwanin hoto ba. Wani bawan Allah ne, Mas Gunadi, wanda ya yi shekara takwas yana wanki da guga a irin jiragen nan na yawon buɗe ido, ya zo hutu gida, ya raka matarsa sayen takalmi a kantin. Ya tsaya gaban hoton ya yi ta dariya har wani lauya ɗan ƙungiyar ya matso ya tambaye shi abin dariya.

"Ni ban san hoto ba, Pak, wanki na sani," in ji Mas Gunadi. "Amma shekara takwas ina fita bayan jirgi da tsakar rana in sha taba a can, ban taɓa ganin inuwata a ƙarƙashin ƙafata ba. Rana a can ba ta hawa tsaka. Gefe-gefe take bi kamar mai kunyar surukai. Ƙarfe sha biyu inuwarka ta fi ka tsawo. Wannan inuwar ta Semarang ce."

Wani da ke tsaye ya ɗauki maganar a waya ya watsa. Kafin kwana biyu ba wanda bai ji labarin beyar ɗan Semarang ba. Sai ga wata mata da suka yi tafiyar tare da Dokta ta fito da nata hoton: ga beyar ɗin nan dai, tsayuwa iri ɗaya, kan baƙar tsakuwa, da lambarsa a ɗuwawu.

Abin da ya fara cin Bu Warsiti ba tsoro ba ne, kunya ce irin ta mai sana'a. Ta zauna a tsakar gida ta kasa taɓa shayinta. Shekara talatin da ɗaya tana bin haske da inuwa, ashe akwai inda rana ke yini ba ta hau kai ba, ita ba ta sani ba.

"Ke da ba ki taɓa wuce Surabaya ba," in ji Pak Sukirno, yana ɗiga wa wani tsohon keke mai, "ina za ki san ranar wasu?"

"Ya kamata in tambaya, Pak."

"Kin tambaya mana. Wanda ya je ya gani da idonsa kika tambaya."

Ranar Laraba aka kira ta ofishin Pak Hartoyo. Dokta na zaune, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Tana shiga ya miƙe ya ja mata kujera da kansa.

"Bu Warsiti, zauna mana."

Ashe ya san sunan. Ba sunan kaɗai ba, har lambar katin shaidarta da adireshin gidansu suna cikin takardar da ya tura mata, an buga ta tsaf, an manna kan sarki a ƙasa inda za ta sa hannu. Takardar ta ce ita Warsiti ce ta sauya hoton bisa raɗin kanta, ba da sanin Dokta Bagaskoro ba, ta yaudare shi, tana neman afuwarsa da ta jama'a. Bayan sa hannu kuma za ta karanta a gaban kyamara, kamar yadda ake yi yanzu, duk wanda ya yi abin kunya ya tsaya jikin farin bango ya haɗa tafin hannu.

"Abu ne na minti biyu," in ji Dokta cikin taushin murya, irin wadda yake yi wa yaro kafin ya cire masa haƙori. "Ni ina da marasa lafiya, ina da ƙungiya, ina da suna a garin nan. Ke kuwa ba abin da za ki rasa, Bu. Wa ya san ki?"

Wa ya san ta. Mutumin da ya tsaya bayan kujerarta kwana uku yana ƙwanƙwasa gilashi da makulli, shi ne yake tambayarta wa ya san ta. Ta dubi Pak Hartoyo, wanda ta yi wa aiki tun yana da gashi a kai, ta ga ya sami abin kallo a tayil ɗin ƙasa. Ta so ta ƙi. Amma ba a yi mana tarbiyyar ce wa babba a'a a fuskarsa ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ji, Dok." Bayan fitarsa Pak Hartoyo ya faɗa mata sauran, murya ƙasa-ƙasa: in ba a rufe maganar nan ba, ƙungiyar za ta kwashe aikinta ta kai wani shago.

"Mutum goma sha ɗaya ne, Bu War, kowa da iyalinsa."

A gida Pak Sukirno ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye ta kan teburin aikinsa kamar ya taɓa ƙazanta.

"Kada ki sa hannu."

"Mutum goma sha ɗaya, Pak."

"Su ma sunansu za a rubuta? In kika ce kin yaudari likita a kan dabba, wace uwa ce za ta sake ba ki fuskar ɗanta da ya mutu?"

Abin da take tunani ke nan tun a hanya. A aljihun teburinta na shago akwai hotuna shida naɗe a leda suna jiran hannunta, kuma kowanne mai shi ya kawo ne don an ce masa matar nan ba ta ƙari.

Ranar Asabar da safe aka aiko mota ta ɗauke ta zuwa babban asibitin Dokta. Ta sa rigarta ta zuwa biki da farin mayafi. An kawar da kujerun ɗakin jira, an kafa kyamara, mutumin da ke yi wa asibitin talla yana gyara fitila. Dokta na tsaye a gefe da hannu a aljihu, Pak Hartoyo na bayansa. Aka miƙa mata takarda, aka ce ta fara.

Ta fara da murya a daidaice. "Ni Warsiti, ma'aikaciya a shagon hoto, ni ce na gyara hoton nan da hannuna. Ni na ɗauke beyar daga kan tsakuwa na ɗora shi kan ƙanƙara. Ni na goge masa lamba, ni na yi masa inuwa. Ina neman afuwar duk wanda abin ya ɓata wa rai."

Layi na gaba shi ne mai cewa ba da sanin Dokta ba. Ta dubi layin, ta ninke takardar biyu, ta sake ninkewa. Ta ɗaga kai ta dubi idon kyamara.

"Iyakar gaskiyar da ke takardar nan ke nan, sauran ba zan karanta ba. Dokta ne ya ce in yi, yana tsaye a bayana kwana uku. Na tambaye shi ko na gasa ne, ya ce na bango ne. Inuwar kuskurena ce, na ɗauka, don ni ranar garinmu kaɗai na sani, a jikin san layya na koyo ta." Ta juya gare shi. "Amma kai, Dok, ka je. Kwana goma ka yi a can. Ka dubi inuwar nan ka ce mini haka take, kamar kana tsaye a wurin. Ni ina da uzuri. Kai da ka je, me ka kalla?"

Pak Hartoyo ya rufe ido. Ta ajiye takardar kan kujera ba ta sa hannu ba, ta tsaya tana jiran tsawa.

Dokta bai yi tsawa ba. Murmushi ya yi, ya ce, "Ba komai, Bu, kin gaji. A mayar da ita gida."

A motar ta ji jikinta sakayau kamar an sauke mata buhu daga ka. Ta san wataƙila aikin ya tafi ke nan, amma ta faɗa, a gaban mutum uku da kyamara. Da ta ba Pak Sukirno labari sai da ya sa ta maimaita ƙarshen sau biyu, sannan ya ɗauki kwano ya fita ya sayo musu soto, romon nan mai nama, wanda ba sa ci sai da dalili.

Washegari da hantsi wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta miƙo mata waya, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Bidiyon daƙiƙa arba'in da ɗaya ne. Ga Bu Warsiti cikin farin mayafi tana cewa ita ta ɗauke, ita ta goge, ita ta yi inuwa, tana neman afuwa. Daga nan hoton ya dushe a hankali. A ƙasa an rubuta cewa ma'aikaciyar ta amsa ta sauya hoton ba da sanin Dokta ba. Sai saƙon Dokta da kansa: ya yafe mata duniya da lahira, dattijuwa ce da ta so faranta masa ta wuce gona da iri, yana roƙon jama'a kada a tsangwame ta, kuma ya mayar da kofin don kare martabar ƙungiya. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, in ji masu magana, amma shi da ladabi ya naɗe tasa, har aka tafa masa. Kafin la'asar 'yan ƙungiyar sun fitar da sanarwa suna yaba gaskiyarsa, sun roƙe shi ya ci gaba da shugabanci.

Bu Warsiti ta kalli bidiyon sau uku. Duk kalmar da ke ciki ita ta faɗa, da bakinta, ba a ƙara mata ko ɗaya ba. Wa za ta bi ta ce masa akwai saura? Pak Sukirno ya zaga unguwa yana rantsuwa, mutane suna gyaɗa kai cikin ladabi suna cewa ai sun sani, ai kowa ya san Bu War. Amma ita ta fi kowa sanin cewa mutum abin da ya gani yake riƙewa, ba abin da aka ba shi labari ba. Kafin mako ya zagayo, biyu daga cikin masu hotuna shidan nan sun aiko a ba su nasu, wai akwai ɗan abin da za su duba a gida. Ba a gama gyaran ba, ba su kuma dawo da su ba.

Ba a kore ta ba. Me za a kore ta a kai, tunda buƙata ta biya? Ranar Litinin ta tafi aiki, tana tafe tana shirya abin da za ta faɗa wa Dokta ko duk wanda ya aiko, kalma bayan kalma, har ta haddace. Pak Hartoyo ya tarbe ta da fara'ar da ta fi ta kullum, ya ce ƙungiya ta turo sabon aiki, hotunan tsuntsaye. Ta wuce shi ta zauna.

Wajen ƙarfe sha ɗaya direban Dokta ya shigo, wani tsoho mai furfura da ya girme ta. Yana riƙe da kwali ɗaure da jan zare, kifin bandeng ne na shago mafi tsada a garin, da ɗan kati a sama mai ɗauke da sunanta da kalmar godiya. Ya zo gaban teburinta ya rusuna, ya miƙo kwalin da hannu biyu.

Kafin ta ankara ta miƙe tsaye. Hannayenta biyu suka karɓa, kanta ya sunkuya, ta ji muryarta tana cewa, "Na gode, Pak. A gaida Dokta."

Tsohon ya sake rusunawa ya fita. Ta tsaya a tsakiyar shago da kwali a hannu, sauran ma'aikata kowa ya duƙufa kan aikinsa kamar bai gani ba. Har yau in abin ya faɗo mata a rai takan ture kwanon abinci, kuma ba bidiyon ne ke hana ta ci ba. Bidiyon wasu ne suka yanka. Godiyar nan kuwa ba wanda ya yanka mata, ita ta yi ta daga farko har ƙarshe.